Yadda Fernand Ya Mallaki Basarake Amaury

A garin Montcarel babu wanda bai san muryar Fernand Taillefer ba. Rabin rayuwarsa ya yi yana duba tikiti a jirgin ƙasa, kuma da ya yi ritaya abu biyu ya dawo da su gida: hular aiki da ya ƙi mayarwa, da imanin cewa babu abin da ke ɓuya wa idonsa. In ya zauna a shagon kofi na bakin kasuwa, sai ya kawo labarin mutumin da ya taɓa kamawa ɓoye cikin akwatin kayan kiɗa. Bara daga jin numfashinsa ya gano shi. Bana kuma daga ƙamshin man gashinsa ne.

Shi ne shugaban ƙungiyar masu tara waken galet. Kowace Janairu, in lokacin cin galet ya kama, wato kek ɗin sarakuna, Yvon mai gidan burodi kan ɓoye ɗan mutum-mutumi na tangaran a cikin kowanne, ƙarami kamar kan ɗan yatsa. Wake ake ce masa har yau, don a zamanin kakanni waken gaske ake sakawa. Wanda ya tsince shi a yankinsa shi ne sarkin yini, ya ɗora kambin takarda, ya riƙe wakensa.

Bana Yvon ya sa aka ƙera masa jeri na musamman, guda sha biyu, duk daga zanen bangon tsohon cocin garin: mai zane, uwargida, limamin coci, mai garaya, kare, da sauransu. Na sha biyun shi ne Basarake Amaury da kansa, mai shuɗiyar alkyabba da ɗan littafi a hannu, wanda a can zamanin baya ya tara masu zane, ya ciyar da su, ya sa suka ƙawata bangon, da sharaɗin fuskarsa ta fito a kowace kusurwa. Sai dai kwalin basaraken ya faɗo daga mota a hanya. Da aka buɗe, duk sun farfashe, saura ɗaya tak. Yvon ya ce zai saka shi cikin galet ɗaya, kuma ko matarsa ba za ta san wanne ba ne.

"Ɗaya tak a duk faɗin Faransa!" in ji Fernand a shagon kofi, yana dukan tebur har cokula na tsalle. "Kuma a gidana zai sauka."

Madam Solange Perrochon, tsohuwar malamar makaranta, wadda ita ma ta haɗa sha ɗayanta kamar shi, ta ɗago kai daga kofinta.

"Saƙo ya aiko maka?"

"Jini ne, Madam. Dubi hancina da kyau, sannan ki je coci ki dubi nasa."

"Na duba. Na karen ma na duba."

Shagon ya ɗauki dariya. Kunnuwan Fernand suka yi ja. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula.

"Kowa ya shaida! Ranar Lahadin ƙarshen wata, ranar baje koli a zauren gari, za ki ga sha biyun nan reras cikin akwatin gilashina. In ba haka ba, kujerar shugaba taki ce."

"Kujerar kaɗai?"

"Da sha ɗayan nawa! Ki kwashe su a jaka."

"To, zan zo da babbar jaka," in ji ta, ta ci gaba da shan kofinta.

Washegari Fernand ya shigo gida da kwalayen galet har sun rufe masa fuska. Matarsa Odile ta bi shi da kallo daga bakin murhu.

"Maigida, mu biyu ne fa a gidan nan."

"Ke dai ba ni tsinken saƙarki ki ga aikin masu basira."

Ya jera su a tebur, ya naɗe hannun riga, ya kama soka musu tsinke ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a kusa, kamar likita na sauraron ƙirji. Da ya ji ƙas, sai ya zura wuƙa ya zaƙulo. Kare. Ya soki na biyu. Kare. Na uku limamin coci. Na huɗu kare.

"Ka kusa buɗe gidan kiwo," in ji Odile. "Kuma ka sani, ba a zubar da abinci a gidan nan."

Suka ci galet da safe, suka ci da rana. Da Fernand ya ga bel ɗinsa ya ƙare ramuka, sai ya tuna yana da maƙwabta. Ya bi layi gida-gida yana rabawa, yana cewa alheri halin manya ne, haka Basarake Amaury ma ya yi a zamaninsa.

Ba a jima ba Iya Huguette, tsohuwar da ke gidan kusa da nasu, ta ƙwanƙwasa ƙofa da sandarta, riƙe da faranti.

"Kai Fernand, wa ya harbi kek ɗin nan?"

"Ba harbi ba ne, Iya. Ramukan shan iska ne. Haka ake yi a Paris yanzu."

"Waken ma iskar Paris ce ta ɗauke shi? Jiya ka aiko mini da ɗaya, jikokina suka cinye har ɓurɓushi suna neman sarki. Ƙarshe kokawa suka yi, kowa na cewa ɗan'uwansa ya ɓoye. Yau kuma ka sake aiko wannan. Riƙe abinka!"

Kafin yamma faranti sun yi layi a bakin ƙofarsa. Wani ma ya ɗora wa nasa filastar ciwo.

Fernand bai karaya ba. Ya ce wa Odile tsinke aikin ƙauyawa ne, mutum irinsa da kimiyya yake aiki. Likitar dabbobi tana da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, kuma abin da ke ganin ƙashi zai ga tangaran. In ya tsibe galet goma aka ɗauki hoto ɗaya, ya huta, babu rami babu gori.

"Ta yarda?" in ji Odile.

"Za ta yarda in ta gan ni a ciki. Shiga ce kawai wahalar."

Don haka ya sake sayo wasu, ya jera su cikin kwandon ɗaukar kyanwa, ya lulluɓe da bargo, ya nufi asibitin dabbobi da fuskar mai jinya. Ɗakin jira cike yake. Kuma wa zai gani a kujerar farko, da kyanwarta a cinya, in ba Madam Solange ba.

"Ashe kana kiwo, shugaba? Sannu. Me ke damunsa?"

"Ba ya cin abinci."

"Allah sarki. Ba ya ko motsi ma. Wane iri ne?"

"Ɗan ƙasar waje ne. Ba ya son surutu."

"Amma yana ƙamshin man shanu."

"Ciwon ke nan."

A gefe guda akwai wani manomi da ƙaton karensa, mai kai kamar tukunya. Karen ya daɗe yana nazarin kwandon. Ya taso a hankali, ya shinshina, ya kama bakin bargon ya ja. Fernand ya ja. Karen ya ja. Ƙofar kwandon ta buɗe, galet suka fito suna gangarawa a ƙasa ta ko'ina, kambunan takarda na bin su. Kyanwar Madam Solange ta haye labule. Wani aku da aka kawo yankan farce ya kama ihu. Karen kuwa ya dira kan mafi kusa, ya yi masa loma biyu, sai aka ji ƙas a haƙorinsa.

"Kar ka tauna!" Fernand ya yi kururuwa, ya faɗa kan karen, ya rungume wuyansa. "Basarake ne! Buɗe baki, ɗan banza!"

Suka yi birgima cikin niƙaƙƙen almon, irin gyaɗar nan da ake cusa wa galet. Da ƙyar ya zura yatsu ya zaro abin, ya goge a riga, ya ɗaga sama.

Kare ne.

Manomin ya miƙo hannu. "A yankinsa ya tsinta, nasa ne. Haka al'ada ta ce." Ya karɓe waken, ya ɗauki kambi ɗaya daga ƙasa ya ɗora wa karensa. Mutanen ɗakin suka tafa. Daidai lokacin likitar ta leƙo, ta dubi ƙasa, ta dubi labule, ta dubi Fernand.

"Wanne ne marar lafiyar?"

"Mai hular," in ji Madam Solange.

Labari ya riga shi isa gidan burodi. Da ya shiga washegari, Yvon ya tare shi da faifan fitar da burodi a hannu, bayansa mutane a layi, fuskokinsu a murtuke.

"Kai, ya isa! Ba zan sake sayar maka da ko ɗaya ba. Yara na zuwa da iyayensu ba sa samu, kai kuma kana can kana ciyar da karnuka."

"Tsoro kake ji na kusa kama shi."

"Ba ka kusa komai ba. Bari in faɗa kowa ya ji, a huta. Basaraken bai bar aljihuna ba tukuna. Cikin babban galet na walimar dattawa zan saka shi, ranar Lahadin baje koli, a zauren gari. Wanda Allah ya ba, ya ba."

Fernand ya fito yana murmushi. Ya ce wa duk wanda ya haɗu da shi ai tun farko ya san haka, gwada Yvon kawai yake yi.

Ranar Lahadi da safe ya zagaya bayan gidan burodi, ya hau kan garwar shara, ya manna ido a tagar sama. Ya ga Yvon ya shimfiɗa ƙullu mai faɗin ƙofa, ya shafe shi da almon, ya zaro basaraken daga aljihu ya dasa shi can gefe. Ya rufe da wani ƙullun, ya ɗauki wuƙa ya zana babban harafin M na sunan garin a kai. Ƙafar dama ta harafin ta sauka daidai kan basaraken. Fernand ya ɗaga hannu biyu don murna, murfin garwar ya karye, ya nutse cikin ɓawon ƙwai har ƙugu.

A gida, yana wanke wando yana zayyana wa Odile shirin. A walimar, kamar a kowane gida, ƙaramin cikin taro ne ke shiga ƙarƙashin tebur. Mai yanka ya ɗaga yanki ya tambaya na wa, na ƙasa ya kira suna ba tare da ya gani ba. To, shi zai shiga. Ita kuma in ta ga an ɗaga yankin da ke da ƙafar dama ta harafin, sai ta taɓa shi da ƙafa, shi kuma ya kira sunan kansa.

"Kai ne ƙarami?" in ji Odile.

"A walimar dattawa? Ni jariri ne."

"In na taɓa ka, maganar galet ta ƙare a gidan nan?"

"Har abada."

"To, zan taɓa ka da kyau."

Zauren gari ya cika. A gefe ɗaya an jera akwatunan gilashi na baje koli, na Fernand a tsakiya, sha ɗaya a layi, da gurbi guda da ya shimfiɗa wa ɗan jan ƙyalle. A tsakiyar zaure ga dogon tebur da farin zane har ƙasa, ga kwalaben ruwan tuffa mai kumfa, ga galet ɗin Yvon na sheƙi. Madam Solange ta zo da jaka wadda za ta iya ɗaukar ɗan akuya.

Magajin gari ya yi ɗan jawabi, sannan ya ce, "To, wa ye ƙaraminmu?"

"Ni ne!" Fernand ya riga ya cire hula.

"Kai?" in ji Madam Solange. "Kana aji uku aka kawo ni makaranta. Kai ka ƙwace mini alewa ranar farko."

"To bismillah, Madam, ki shiga."

Ta dubi ƙasan teburin, ta dubi gwiwoyinta, ta dubi sabon siket ɗinta. "Na bar wa yaro."

Fernand ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara har ƙarshen tebur aka ji, ya rarrafa ya shige. Zanen ya rufe a bayansa. A nan ne ya gano abin da bai lissafa ba. Ciki duhu ne, ga ƙafafu ko'ina kamar daji. Ya san Odile ta sa takalmi ruwan ƙasa. Amma shagon takalmi ɗaya ne a Montcarel, kuma rabin matan garin ruwan ƙasa suka saya a gwanjon kaka.

"Na wa?" in ji Yvon daga sama.

"Iya Huguette."

"Na wa?"

"Magajin gari."

Ana cikin haka magajin gari, wanda ciwon ƙafa ya dame shi tun safe, ya miƙe ƙafarsa don ya ji daɗi. Ta sauka a haƙarƙarin Fernand.

"Fernand!" ya yi ihu.

"To, yaro ya kira kansa," in ji Yvon, ya sa yankin a farantinsa. "Na wa?"

Fernand ya fara kiran sauran cikin annashuwa, yana ƙara wa kowa kirari. Bai kira huɗu ba, Iya Huguette ta ji wani abu na motsi kusa da ƙafarta. Ta manta da maganar mutum a ƙasa, ta ɗauka kyanwa ce, ta zura sanda ta zungure shi a cinya.

Fernand ya zabura. Ashe na farkon kuskure ne, wannan ce Odile!

"Fernand!"

"Ka samu ai," in ji Yvon.

"Na ce Fernand! Na ƙasa ke magana, haka al'ada ta ce!"

Aka yi gunaguni, amma Yvon ya ɗora na biyu kan na farko. Sai ga shi ya ɗaga yankin mai ƙafar harafin. Odile, wadda ta yi makonni tana cin galet safe da rana, ta ja ƙafa baya, ta cika alkawarinta da dukan ƙarfinta.

"Wayyo! Fernand! Fernand!"

Madam Solange ta ɗaga gefen zanen ta leƙa. "Wai Fernand nawa ne a ƙarƙashin teburin nan?"

"A fito da shi!" in ji wani daga can ƙarshe. "Mu ba baki gare mu ba?"

Fernand ya yunƙura zai fito, bayansa ya riƙe. Ya tsaya a rarrafe, ba gaba ba baya. Yvon ya kama ƙafa ɗaya, magajin gari ya kama ɗaya, suka ja. Shi kuma, don kar ya kife, ya cafki zanen tebur. Zanen ya biyo shi, kwalabe suka biyo zanen, ruwan tuffa ya yi feshi a cinyoyin dattawa. Farantinsa ya sulalo ya sauka a gaban hancinsa, da yanki ukunsa a kai, duk sun hautsine, ba a gane mai harafi da marar harafi.

"Kowa yanki ɗaya," in ji Madam Solange, ta miƙo hannu. "Zaɓi ɗaya, ka dawo da biyu."

Fernand ya dubi yankunan. Idon da ba ya kuskure ya duba, ya sake dubawa, bai ga komai ba. Hannun Madam Solange na matsowa. Sai dabara ta zo masa, irin wadda ba ta zuwa wa kowa sai shi: abin da ke cikin baki ba a mayar da shi faranti. Ya dunƙule ukun ya cusa a baki gaba ɗaya, da niyyar ya lalubo basaraken da harshe a tsanake.

Kumatunsa suka kumbura. Ɓurɓushin ƙullun ya shige masa maƙogwaro. Ya fara tari ba hanyar fita, idanunsa suka firfito.

"Ya shaƙe!" in ji Odile. "Ku ba shi ruwa!"

Wani ya ɗura masa ruwan tuffa. Magajin gari, wanda ya taɓa yin kwas ɗin agajin gaggawa kuma ya daɗe yana jiran ranar amfaninsa, ya ɗaga tafin hannu ya sauke masa a tsakiyar baya.

Ƙwat.

Fernand ya haɗiye duk abin da ke bakinsa. Ya ji wani abu mai tauri, mai ɗan littafi a hannu, yana sauka a hankali, yana gaisawa da kowane lungu a hanya.

Aka tsince sauran galet ɗin, aka raba, kowa ya ci nasa a hankali yana taunawa da haƙoran gaba. Aka gama. Aka dubi juna.

"Wa ya samu?" in ji magajin gari.

Kowa ya girgiza kai.

"Na rantse da hannuna na saka shi," in ji Yvon. "A ƙarƙashin ƙafar harafin."

Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya zuwa ga Fernand, wanda ke zaune a ƙasa, hannunsa a kan ciki.

Iya Huguette ta buga sanda. "Na san irinsu! A zamanin babana marowata ke haɗiye wake don kar su saya wa mutane abin sha, tunda sarkin yini ke biya. Shi ya sa aka koma tangaran. Ashe har tangaran ɗin akwai mai haɗiyewa!"

"Ba rowa ba ce, Iya!" Fernand ya dafa kujera ya miƙe a karkace. Kuma da yake shi Fernand ne, kafin ya gama miƙewa ya riga ya ga nasara a cikin lamarin. "Jama'a, ku shaida! Na ce a gidana zai sauka. Ga shi ya sauka. Sha biyun nan duk suna cikin zauren nan, kuma duk nawa ne!"

"Cikin akwatin gilashi ka ce," in ji Madam Solange. "Reras."

"Haka ya ce," in ji rabin zauren.

"To, shiga," in ji ta, ta buɗe masa murfin akwatin.

Magajin gari ya share hawayen dariya, ya yanke hukunci. Sarautar yini ta Fernand ce, tunda a yankinsa waken yake, ko da yake ba a san wanne daga cikin ukun ba. Kujerar shugaba kuwa ta Madam Solange ce. Aka ɗora masa kambin takarda, aka zaunar da shi a kujera kusa da akwatinsa, mutane suka yi layi suna wucewa, suna duban sha ɗayan, sannan su sunkuya su gai da cikinsa. Wani tsoho har da cire hula.

Da aka gama, Madam Solange ta buɗe jakarta, ta ɗauki waken ɗaya bayan ɗaya tana naɗewa a auduga, ba ta gaggawa. Magajin gari ya matso, ya yi gyaran murya, ya rage sauti, amma ba sosai ba.

"Madam shugaba, saura magana ɗaya. Basaraken nan ai ba zai dawwama a can ba. In ya kammala ziyararsa, a kawo wa ƙungiya?"

Madam Solange ta rufe jakar, ta rataya a kafaɗa, ta dubi Fernand daga kambi har ciki.

"A'a, ranka ya daɗe. Wannan kam ya sha wahala a kansa. Na bar masa har abada."